Neman Kakan Dauda a Ƙasar Wales

Tun da na dawo ba a bar ni na sa takalmi a natse ba bayan sallar Juma'a. Wannan ya tare ni ya ce, "Malam Sabi'u, wai da gaske har Ingila ka je binciken aure?" Wancan ya ce shi ya ji an ce kabari na tono. Na gaji da maimaitawa, kuma duk bakin da labarin ya bi sai ya ƙara masa gishiri. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni na huta. Gyara na farko, ba Ingila na je ba, Wales na je. Maƙwabta ne, sarkinsu ɗaya, amma idan ka haɗa su a gaban mutanen can, kamar ka kira Bazazzagi Bakano ne.

'Yata Nafisa ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Greensboro, a Amurka. Ta kawo mana wani yaro Bature, David, wanda ya musulunta tun yana jami'a kafin ma ya san ta. Dauda muke kiransa. Malamin lissafi ne a sakandare, ga kunya, har yanzu bai iya kallon idona. Ni da mahaifiyarta Hajiya Rabi mun amince. Sai dai a gidanmu uba ba ya ba da 'yarsa, yayana Alhaji Mamuda da ke Kano shi ke bayarwa. Na kira shi na yi masa bayani.

Ya ce, "An yi bincike?"

Na ce, "Yaya, yaron kirki ne, limaminmu ya san shi."

"Ban tambaye ka yaron ba. Ɗan wa ne? Jikan wa ne? Akwai hauka a danginsu, ko sata, ko wani abin kunya? Sabi'u, zaman Amurka ya sa kana son ka ba da 'ya kamar ruwan sha. Ni ba na ba marar asali jinin gidanmu."

Da na gaya wa Nafisa, ta amsa mini da Turanci, kamar yadda take yi in ranta ya ɓaci, ta ce wane ƙarni ne Baffa yake ciki. Amma daga baya ta ce ba za ta yi auren da Baffa bai sa wa albarka ba, domin a hannunsa ta yi hutun makaranta duk shekarun da muka kai ta gida. Ta daina cin abincin kirki. Dauda kuma ya riƙa zuwa yana yanke mini ciyawar ƙofar gida, ko ta yi tsawo ko ba ta yi ba.

Haka na ɗauki mota na nufi Pleasant Garden wajen mahaifinsa, Mista Raymond Jones, tsohon mai gyaran iyakwandishan da ya yi ritaya, matarsa ta rasu, yana zaune shi kaɗai a tsakiyar filin da a Kano unguwa guda za a yanka a ciki. Ina hanya ina tsara yadda zan tambayi mutum ko akwai ɓarawo a kakanninsa ba tare da ya sako mini kare ba. Ina gama magana sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ashe shekara da shekaru yana neman wanda zai saurari labarin kakanninsa, 'ya'yansa kuwa da ya fara sai kowa ya tuna yana da aiki.

Ya ja ni falo ya nuna mini wani tambari a bango, da zaki a tsaye da ƙafa biyu. Ya ce tambarin gidansu ne, su jinin sarakunan Wales ne. Na tambaye shi ko gado ne. Ya ce a'a, a wani kanti ya saya, mai shagon ya buga Jones a kwamfuta tambarin ya fito. Sannan ya ɗauko wani tsohon Baibul. A shafin farko an rubuta Evan Jones, wanda shi ne ya fara tsallakowa Amurka, da shekarar haihuwarsa, kusan shekara ɗari biyu baya, da sunan garinsu. Sunan garin ya fara da Llan, sauran ruwa ya cinye.

Ya ce, "Ka gaya wa ɗan'uwanka ya yi gaskiya. Mu je mu gani da idonmu. A can kowane tsohon coci yana da littafin da ake rubuta wanda aka haifa da wanda aka binne."

Da na faɗa wa Hajiya Rabi, ta ajiye ludayi ta dube ni. "Malam, tun yaushe nake roƙon ka kai ni Umara? Yanzu kaburburan Turawa za ka je ziyara?" Na ce amana ce Yaya ya ɗora mini. Ta ce Allah ya tsare hanya, ta cusa mini ƙullin yaji a jaka.

Daga Charlotte muka tashi. Mista Raymond bai taɓa barin Amurka ba, ya zo da matashin kansa na gida da magunguna kamar zai buɗe kemis. A Landan na'ura ce ke duba fasfo ta buɗe maka ƙofa. Ta buɗe masa, ni ta ƙi, wai hulata ta hana ta gane ni. Aka tura ni wajen wata jami'a. Ta ce me ya kawo ni. Kafin na buɗe baki sai ga muryar Mista Raymond daga can tsallaken shinge: "Mun zo neman kakanninmu ne."

Ta dubi fasfo inda aka rubuta Kano, ta dubi fuskata. "Kakanninku. A Wales."

Na ce, "Nasa. Ni mai bincike ne." Wannan kalma ta ƙara dagula lamarin, domin ta ce bincike na wace hukuma, kuma ina takardar izinin aiki. Dole na kwashe zancen auren kaf na gaya mata, har da Yaya. Da alama iyayenta daga wajen Pakistan suke. Ta rufe baki da hannu tana dariya, ta ce mahaifinta ma sai da ya aika har ƙauyen su mijinta. Ta miƙo mini fasfo ta ce Allah ya sa kada mu samo abin da ba mu nema ba.

Motar hayar da aka ba mu mai giyar hannu ce. Mista Raymond ya yi tuƙi tun kafin a haifi Dauda amma bai taɓa taka kuloci ba. Ni kuwa a bas ɗin haya na koyi mota a Kano, kuma aikina a nan jigilar marasa lafiya ne zuwa wankin ƙoda, don haka tuƙin ya dawo kaina. Sitiyari a dama, hanya a hagu. Duk lokacin da na kai hannu zan sa giya sai na kama marfin ƙofa. Shataletale kuwa kamar gado suka yi, wani yana sakinka wani na karɓarka, Mista Raymond yana gefe yana taka burkin da babu shi.

Da muka doshi iyakar Ingila da Wales na ciro fasfo na sa a aljihun gaba. Wanda ya saba bin iyakar Jibiya ya san ba a zuwa iyaka hannu sake. Muka hau wata doguwar gada, muka sauka. Babu shinge, babu soja, babu mai leƙowa ya ce me aka kawo masa. Allo ne kawai da hoton wani jan dodo mai fiffike. Mista Raymond ya cire hular hana-sallarsa ya dafa ƙirji ya ce, "Na dawo gida." Bai rufe baki ba ya ce in nemi wurin tsayawa, fitsari ya matse shi.

Allunan hanya da harshe biyu suke, Turanci da nasu. Nasu in ka gani a rubuce sai ka ce yaro ne ya zauna a kan kwamfuta. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙauye na farko da muka wuce sunansa ya fara da Llan. Na biyu ma haka. Na uku ma. Na dubi Mista Raymond, ya mai da kansa taga yana yabon tsaunuka. Hanyoyin ƙauye kuwa faɗin mota ɗaya ne, shingen ƙaya dama da hagu, idan ka haɗu da tarakta kai za ka yi ta baya har sai ka sami inda za ka raɓe, mai taraktar ya ɗaga maka yatsa ɗaya ya wuce. Tumaki ko'ina, an shafa musu fenti a baya, ba makiyayi ba kare, wasu kwance a tsakiyar titi suna tuƙa. Na ce a raina, a kawo su Kano ana saura mako guda Babbar Sallah a ga ko za su kai la'asar.

Masaukinmu gidan wata gwauruwa ne, Misis Megan, mai ba da hayar ɗakunan sama da karin kumallo. Ita ta warware mana zancen Llan. Ta ce ma'anarsa wurin da aka kafa coci, kuma garuruwan da suka fara da shi ba su ƙirguwa. Wato mun zo kamar wanda ya sauka a Najeriya yana cigiyar wani Muhammadu ɗan Sabon Gari. Yadda ake furta shi ma aiki ne, sai ka maƙale harshe a ganda ka hura iska ta gefe kamar mage ta ga kare. Na gwada sau biyu, ta miƙo mini tawul.

Ta tambayi Mista Raymond, "Wane Jones ɗin?" Ya ce Jones dai. Ta ce ita ma Jones ce tun a gidan ubanta, mijinta marigayi ma Jones ne, kuma ba su haɗa komai ba. Mai kawo madara Jones, mai haɗa akwatin gawa Jones. Da sana'a ko sunan gona suke rarrabewa, Jones Mai Madara, Jones Mai Gawa, daidai da Audu Mai Shayi da Audu Direba. Ya nuna mata hoton tambarinsa a waya. Ta ɗaga tabarau ta duba ta ce, "Ai kuwa ina da irinsa a jikin tsumman goge kwanuka."

Banɗakin gidan famfo biyu ne a rabe, ɗaya tafasasshe ɗaya ƙanƙara, alwala ta zama gudun hannu tsakanin wuta da sanyi. Buta kuwa na manta da ita a Greensboro. Na hango wata 'yar koriya mai dogon baki a bakin taga na ɗauke. Washegari na ji Misis Megan tana zagaya gida tana cigiyar abin ba furanninta ruwa. Na sauko na yi mata bayani iya yadda kunya ta bari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in riƙe, kyauta ta ba ni, kada ma in dawo da ita.

Karin kumallonsu naman alade ne iri uku, da wani baƙin abu kewayayye da aka ce da jini ake yi. Da ta ga ƙwai da burodi kawai nake ci, sai ta kawo mini wani abincin gargajiyarsu na ganyen teku, baƙi-ƙirin da yauƙi, kamar miyar kukar da ta kwana biyu ba a ɗumama ba. Na barbaɗa yajin Hajiya, wallahi ya ciwu. Mista Raymond ya ce abincin kakanninsa ne, ya cinye faranti biyu babu yaji. Ranar ba mu fita da wuri ba.

Tsofaffin littattafan coci yanzu ba a coci suke ba, an tattara su a gidan adana takardu na gunduma. Abin da ya kai mu wannan gundumar shi ne sunan wani kogi da kakar Mista Raymond ke yawan ambata. A ƙofa aka karɓe jakunkunanmu da biro, fensir kawai aka yarda da shi. Ɗakin cike yake da mutanen Amurka da Ostireliya, kowa ya tsallako teku neman sarki. Ban ga wanda ya zo neman ɓarawo ba sai ni. Akwai wata mata daga Texas da kullum sai ta samo basarake kafin azahar, ta rungumi na kusa da ita, da yamma a gaya mata ba nata ba ne.

Ma'aikacin da ya kula da mu sunansa Mista Huw, siriri, yana magana kamar kada takardu su farka. Ya ce a da mutanensu ba su da sunan dangi, sai dai wane ɗan wane, da wata 'yar kalma ap a tsakani: Evan ap John ap Evan. Na riga Mista Raymond ganewa, na ce ai Audu ɗan Musa ɗan Audu ke nan. Mista Huw ya ce daga baya ne aka daskarar da sunayen, Jones ma ba komai ba ne illa ɗan John.

Mista Raymond ya ce, "To shi asalin Sarki Jones ɗin fa?"

"Babu shi, yallaɓai. John ɗin ne suka yi yawa."

Ya ƙara mana da cewa a wancan zamanin mutane da dama sun yi fushi da cocin gwamnati sun ware sun gina nasu ƙanana, waɗannan ma suka sake rabuwa kan wa ya fi wa bin littafi, don haka wasu ba za a same su a rajista ba. Na ce ashe ba mu kaɗai Allah ya jarraba ba.

Muka yi kwanaki muna murza hotunan shafuka a na'ura har jiri ya riƙa ɗibata. Rubutun limaman cocin kamar kaza ta yi tono. A ƙarshe Mista Huw ya fitar mana da Evan Jones uku da aka yi wa wankan shiga Kiristanci a shekarar da muke nema, duk a ƙauyukan bakin kogin.

Na farko ɗan mai babbar gona ne. Mista Raymond ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Mista Huw ya buɗo littafin binnewa ya nuna da fensir: yaron ya rasu ko yaye shi ba a yi ba. Na biyu ɗan wani falke ne mai kora shanu da ƙafa zuwa kasuwannin Ingila, uwarsa Mary, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Na uku kuwa inda ake rubuta sunan uba babu komai, sai wasu kalmomi biyu a gefe. Mista Huw ya ƙara rage murya ya ce ma'anarsu an haife shi ba da aure ba. Uwar 'yar aiki ce a wata gona, daga baya coci ke ciyar da ita cikin matalauta. Sunanta Lowri Jones.

Mista Raymond ya ɗaga kujerar ya zauna. Ya daɗe yana kallon shafin. Can ya ce, "Ƙanwar mahaifina Lowri ce. Gwaggonta ma Lowri. Kowane zamani sai an sa wa wata yarinya sunan a gidanmu, kuma ban taɓa samun wanda ya san dalili ba."

Mista Huw ya ce sunan ba baƙo ba ne a yankin, takarda ba ta tabbatar ba, shi ba zai rantse ba.

Mista Raymond ya ce, "Ni zan rantse."

Duk Bahaushe ya san me wannan yake nufi a binciken aure. Da hauka muka samo, da sai a ce lalura ce daga Allah.

Washegari muka je ƙauyen. Cocin ƙarami ne na dutse, makullinsa yana hannun wata tsohuwa mai takalman roba. Ana yayyafi. Ta zagaya da mu maƙabarta tana nuna duwatsun masu gonaki, kowanne da dogon rubutu. Mista Raymond ya tambaye ta Lowri. Ta kai mu bayan coci inda rana ba ta kaiwa, fili ne kawai da ciyawa. Ta ce nan ake sa waɗanda ba su da mai saya musu dutse, idan a garin ta mutu to tana nan wani wuri. A nan ne na taka kashin tumaki na zame na zauna daɓas da farin kaftanina. Tsohuwar ta ce kowa sai ya faɗi a nan, har limamin cocin.

Mista Raymond ya ɗaga ni, ya koma ya tsaya a tsakiyar ciyawar da hula a hannu, ruwa na sauka a sanƙonsa. Ya ce yarinya ce ƙila ba ta kai Nafisa ba. Ya ce wanda ya yi mata cikin wataƙila yana gaba can ƙarƙashin dogon dutse. Sannan ya juyo ya ce, "Ɗan'uwanka zai hana?"

Na ce ban sani ba. Na ce masa kuma, tun da shi kansa ma'aikacin ya ce takarda ba ta tabbatar ba, ana iya tsayawa a kan falken shanu. A wajenmu kiwo sana'ar mutunci ce, kuma ba ƙarya aka yi ba, zaɓi aka yi.

Ya girgiza kai. "An ɓoye ta sau ɗaya a bayan coci. Ba zan ƙara ba. Ka gaya masa yadda yake. In ya hana, zan hau jirgi in je Kano in roƙe shi da kaina."

Mutumin da ya zo neman sarki ke nan. Azahar ta yi, na shimfiɗa darduma a gefen mota, ya tsaya a kaina da laima har na sallame, shi kuma ya jiƙe sharkaf. Na daɗe a sujada, ina tuna fuskar Nafisa ranar da ta raka mu filin jirgi.

Ƙauyen babu sabis sai an hau wani tudu. Na hau, tumaki suka kewaye ni suna zaton abinci na kawo, na kira Yaya. Bayan gaisuwa da tambayar iyali na ce na gama. Na gaya masa na farko da ya mutu yana jariri, na gaya masa ɗan falken shanu, sannan na gaya masa na uku, da sunan uwar, da wurin da babu sunan uba, da gwaggonnin da ake ta sa wa sunan. Ban rage komai ba.

Layin tangaran yake, har ƙarar fankarsa nake ji da muryar mai tallan awara a ƙofar gida.

Ya ce, "Sabi'u, layin nan ba kyau. Shanu na ji ka ce?"

"Yaya, cewa na yi na ukun..."

"Uban yaron ya san za ka faɗa mini?"

"Shi ya ce lallai sai na faɗa. Ni na so a bari."

Sannan ya yi gyaran murya ya ce, "To. Ni dai shanu na ji. Ga tumaki ma ina ji a bayanka. Mutanen kiwo ne, babu laifi. A sa rana. Ka gaishe mini da dattijon."

Na sauko na tarar da Mista Raymond a mota yana rawar ɗari. Na ce an ba da. Ya ce, "Ka gaya masa duka?" Na ce duka. Ya ce, "Me ya ce?" Na ce ya ce a gaishe ka.

A hanyar dawowa babu abin da ya faru sai a Charlotte, inda aka tambaye mu ko mun kusanci dabbobin gona. Ni ina cikin nazari, Mista Raymond ya ce ai wannan har zama ya yi a cikin kashinsu. Aka ware ni gefe, wani jami'i da safar hannu ya wanke mini takalma da magani fes. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa samun hidimar gwamnati mai kyau irin wannan ba.

An ɗaura aure a masallacinmu, Yaya ya wakilta limaminmu ta waya. Aka yi walima a wani ɗakin taro wajen Sedgefield. Mai riƙe lasifika Alhaji Baba ne, mutumin zangon Kumasi mai sayar da tsofaffin motoci, wanda ba a biki a garin nan sai da bakinsa. Ashe Yaya ya aiko masa da asalin ango ta saƙon murya. Sai ji muka yi yana zuba kirari, ango jikan masu shanu, jikan fataken da Ingila ba ta cin nama sai sun iso, gidan da ba a ƙirga garke sai dai a nuna tsauni.

Mista Raymond yana kusa da ni cikin babbar rigar da Hajiya ta sa aka ɗinko masa, hannun rigar yana ta faɗa masa cikin miya. Ya ce me mutumin yake cewa. Na fassara masa. Ya ajiye cokali, ya tattara riga ya nufi gaba, ya yi wa Alhaji Baba raɗa a kunne. Alhaji Baba ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, ya gyara tsayuwa ya ɗaga murya.

"Jama'a, uban ango ya ba ni sunan kakan da kansa. Jikan Lauri. Dauda jikan Lauri, Lauri mai tsauni da kogi, Lauri wanda har Amurka ba a manta sunansa ba."

Mata suka rangaɗa guɗa. Nafisa, wadda ta san labarin duka, ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Mista Raymond ya dawo ya zauna yana goge ido da hannun rigar da ya sha miya.

Wani dattijo daga Maraɗi da ke teburinmu ya matso ya ce mini shi kam kamar ya taɓa jin sunan nan. "Malam Sabi'u, kai da ka je, shi Laurin sarki ne ko hakimi?"

Na ce, "Alhaji, mace ce."

Ya jinjina kai ya ce, "To, sarauniya ke nan," ya ja farantin shinkafarsa.